Makin JAMB da Ƙofar Jami'a

    

Mas'alar da aka ɗora mini in yi magana a kanta, mas'ala ce wadda idan aka hango ta daga nesa sai a zaci ta 'yan boko ce su kaɗai, amma idan aka matso kusa sai a tarar babu unguwar da ba ta shiga ba a ƙasar Auyo, tun daga Gamsarka har Unik, tun daga Ayama har Gatafa. Domin kuwa duk gidan da aka jure aka kai yaro ko yarinya ƙarshen sakandare, akwai ranar da za a zauna a tsakar gida ana jiran wani adadi ya faɗo cikin wayar hannu, kuma a kan adadin nan ne mutanen gidan za su yanke hukuncin ko shekara goma sha biyun da aka yi ana sayen littafi da yunifom ta yi albarka, ko kuwa ta bi ruwa. Abin da nake so mu bincika shi ne matsayin adadin nan: me ya sani game da yaro, me ya jahilta, kuma wane nauyi ya cancanta a ba shi sa'ad da masu neman gurbi suka fi guraben yawa.

Magabatanmu suna da tasu hanyar tantance ɗalibi, ita ce ijaza. Ɗalibi ya zauna gaban malami shekara da shekaru, ya sauke littafi bayan littafi, malamin ya san kaifin fahimtarsa, ya san haƙurinsa, ya san inda yake tuntuɓe a nahawu da inda yake gudu a fiƙihu, sa'an nan ya ba shi izinin ya karantar da abin da ya karanta, da salsalar malaman da ilmin ya biyo ta hannunsu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda ya wallafa don ya jera malaman da ya ɗauki ilmi a wurinsu. Fa'idar wannan hanya ita ce mai hukunci ya san wanda yake yi wa hukunci, sanin ido da ido. Illarta kuwa biyu ce: ba ta ɗaukar jama'a masu ɗimbin yawa, kuma dukanta a rataye take a wuyan amanar mutum ɗaya.

Da boko ya zo, ya kawo tasa. Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, 'yan ƙalilan take ɗauka daga kowane lardi, kuma ko da aka buɗe ta Ibadan a 1948 da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kowace jami'a ita ke zaɓen ɗalibanta da nata sharuɗɗan. Da gwamnati ta ƙara jami'o'i bakwai a tsakiyar shekarun 1970, cikinsu har da ta Bayero a Kano, sai abu ya rikice, ya zamana yaro ɗaya mai wayo da kuɗin fom ya nemi jami'a uku duka su ɗauke shi, ya je ɗaya, gurbi biyu su zauna babu kowa, alhali ga wani can a zaune a gida bai sami ko ɗaya ba. Wannan ɓarna ce ta sa gwamnatin soja ta kafa hukumar JAMB da dokar 1978. A 1989 aka faɗaɗa ikonta ya game kwalejojin fasaha da na horon malamai, a 2010 aka haɗe jarrabawoyin suka zama guda, a 2013 aka fara gwada ta a kwamfuta, daga 2015 kuwa aka ajiye fensir da takarda ɗungurungum.

Akwai wani abu cikin tarihin nan da ya kamata mu lura da shi. A 2005 jami'o'i suka ce ba su gamsu da makin JAMB ba, domin suna ganin masu manyan maki suna shigowa aji ba su iya haɗa jimla ba, aka yarje musu su yi tasu jarrabawar ta biyu. A 2016 Ministan Ilmi Malam Adamu Adamu ya soke ta. Shekara ɗaya tak, a 2017, aka mayar da ita. Gwamnatin da take ɗora abu, ta sauke, ta sāke ɗorawa cikin shekara goma sha biyu, ita da kanta ta shaida cewa abin da ke hannunta zato ne mai rinjaye, bai kai matsayin yaƙini ba. Ban faɗi haka don zargi ba, sai don kada mu mutanen ƙauye mu fi masu abin tsarkake shi.

To, mene ne jarrabawar a kan kanta? Darasi huɗu ne, Turanci wajibi, sauran ukun gwargwadon fannin da yaro yake nema. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 ga kowane ɗaya daga sauran, kowane darasi maki 100, jimla 400. Kowace tambaya an jera mata amsa huɗu, ɗaya ce sahihiya. Ku yi mini haƙuri mu yi ɗan hisabi, domin a cikinsa maganar take. Idan aka raba maki 100 ga tambaya 40, a zahirin lissafi kowace tambaya ta tashi maki biyu da rabi ke nan. Idan kuma aka raba awa biyu ga tambaya 180, kowace tambaya daƙiƙa arba'in take da ita, da karantawa da tunani da amsawa.

A sakamakon farko da hukumar ta fitar na 2025, mutum 1,955,069 aka ba maki. Cikinsu 12,414 ne kacal suka kai 300, fiye da miliyan ɗaya da rabi kuwa ba su kai 200 ba. Wannan shi jaridu suka yi ta yayatawa, aka yi ta salati ana cewa ilmi ya mutu. Ni adadin da ya fi tsaya mini a rai wani ne dabam, wanda ba a cika ambatonsa ba: mutum 983,187, watau rabin masu jarrabawar baki ɗaya, makinsu ya faɗo ne tsakanin 160 da 199. Ku dubi wannan cinkoso. Kusan mutum miliyan guda a cushe cikin tazarar maki arba'in, ta yadda idan jami'a ta ja layi a tsakiyarsu, ta ce mai 180 ya shigo mai 175 ya koma, to, abin da ya raba dubban da ke ciki da dubban da ke waje bai wuce tambaya biyu ba, kuma babu malamin da ya san aikinsa da zai dafa littafi ya rantse cewa tambaya biyu sun isa su bayyana wanda zai iya karatun digiri da wanda ba zai iya ba. Tsakanin mai 300 da mai 170 akwai bambanci na haƙiƙa, wannan ban musa ba. Tsakanin mai 180 da mai 175 kuwa, galibi abin da ke akwai shi ne wanda ya karya kumallo da wanda bai karya ba.

Sai kuma a fahimci cewa haddin da ake shelantawa kowace shekara, kamar 150 da aka tsayar wa jami'o'i a 2025, ba alkawarin gurbi ba ne. Izini ne kawai na a duba takardunka. Fannonin da ake rububi, irin su likitanci da shari'a da harhaɗa magunguna, kowane sashe yana da nasa haddin can sama, kuma jami'o'i da yawa sukan haɗa makin JAMB da na jarrabawarsu ta biyu da sakamakon WAEC ko NECO kafin su jera sunaye. Iyaye da yawa sun sha zuwa da ɓacin rai suna cewa ɗansu ya ci amma an hana shi, alhali abin da ya ci ƙofar zaure ce, cikin gida na can gaba.

Yanzu bari mu bar alƙaluma mu bi yaro ɗaya daga wani ƙauye na bakin kogi, ba sai na faɗi sunan ƙauyen ba, kowa a nan ya san irinsa. Kafin ya yi rajista sai ya mallaki lambar ɗan ƙasa, sai ya aika saƙo ta layin waya nasa na kansa, sai an nemo kuɗin fom, wanda a 2025 ya kai naira 7,200, ko 8,700 ga mai son jarrabawar gwaji, ban da kuɗin mota. Jarrabawar takan faɗo wajen watan Afrilu, lokacin da zafi ya kai maƙura kuma aikin rani bai saki kowa ba. An jefa shi Haɗeja ko Kafin Hausa ko Dutse, an ce ya hallara tun da sassafe, ya kwana a shagon wani ɗan garinsu. A bakin ƙofa za a ɗora yatsansa a kan na'ura, yatsan da ya sha dashen shinkafa da yankan kacala har zanensa ya soma shafewa, a goga, a sāke gogawa, layi na bayansa yana tsaki. Ya shiga ya zauna gaban allo, agogo yana ƙirga lokaci a kusurwa. An gaya masa A da B da C da D su ne amsa, N gaba, P baya, S miƙawa, amma hannunsa rawa yake yi, tsoronsa kada ya taɓa wani abu allon ya ɗauke. Minti goman farko a nan suke tafiya, kuma bisa hisabin da muka yi ɗazu, minti goma tambaya goma sha biyar ce. A kujerar da ke kusa da shi kuwa yaro ne wanda tun yana firamare yake wasa da kwamfutar ubansa, ya yi wata uku a lesin, ya amsa tambayoyin shekara goma da suka wuce har ya haddace salonsu.

Kada kuma a manta yaron namu Turanci ake jarraba shi sau huɗu, domin tambayar Fizik da ta Kimiyyar Halittu su ma da Turanci suka zo, sai ya warware harshen kafin ya kai ga mas'alar. Kada a manta da daminar 2020 da ta 2022, sa'ad da ruwa ya ci gonaki da gidaje a ƙasar nan, hanyoyi suka yanke, azuzuwa suka koma masaukin waɗanda ambaliya ta kora. Yaron da yake aji ɗaya ko biyu na babbar sakandare a lokacin, makonnin da ya rasa babu wanda ya rama masa su, kuma babu wani gurbi a takardar sakamako da aka tanada don a rubuta haka.

Malamanmu na fiƙihu, Allah ya gafarta muku, ku kuka fi ni sanin babin shahada, sai dai ku ba ni aron sa. Shaida a shari'a abin da ya gani yake faɗa, ba ya wuce nan. Ana binciken adalcinsa, ana yi masa tazkiyya, ana yi wa wanda aka yi shaida a kansa i'izari ko yana da suka, kuma ko a sha'anin dukiya, shaida ɗaya a mazhabarmu sai an haɗa masa da rantsuwa. Bayan duk wannan, hukunci na alƙali ne. Makin JAMB shaida ne, kuma ina ganinsa shaida adali a mafi yawan lokuta, domin bai san ɗan wane ba, bai karɓi goro ba. Amma abin da ya gani awa biyu ne na yini ɗaya. Bai ga makarantar da ta shekara babu malamin Lissafi ba, bai ga fitilar da aka yi karatu da ita ba, bai ga yarinyar da sai ta gama tuwon dare take buɗe littafi ba. Kuskurenmu shi ne mun ɗauki shaida mun ɗora shi a kan buzun alƙali.

Shaida adali ma yakan yi kuskure, kuma mun gani da idonmu. A watan Mayu na 2025, bayan koke ya yi yawa, shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida yana hawaye, ya amsa cewa an sami tangarɗar na'ura da ta ɓata sakamakon mutum 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka sāke musu jarrabawa. Na yaba masa, domin amsa laifi a bainar jama'a nadiri ne ga masu mulkinmu. Sai dai ku lura da yadda gaskiyar ta fito: iyaye masu murya da masana kwamfuta ne suka tsaya kai da fata sai an buɗe musu rumbun an duba. Ina tambayar kaina, da a ce cibiyoyin nan a ƙasar Haɗeja suke, wa zai yi wannan tsayuwa? Mu da an ce yaro ya sami 140, sai mu ce haka Allah ya ƙaddara, mu shafa fatiha. Imani da ƙaddara wajibi ne, amma bai taɓa hana mai haƙƙi neman i'izari ba.

Wani zai ce, tun da haka ne, a soke jarrabawar mana kowa ya huta. A nan na rabu da shi, rabuwa mai nisa. Ku tambayi kanku, ranar da aka cire maki, me zai maye gurbinsa? Sakamakon WAEC da NECO ne, alhali kowa ya san akwai makarantun da ake biyan kuɗi a rubuta wa yara amsa a allo? Ko takardar shaidar shugaban makaranta? Ko ganawa da ɗalibi fuska da fuska, inda mai lafazin birni da takalmi mai sheƙi zai shiga gaba? Abin da zai maye gurbin maki a ƙasa irin tamu sunansa alfarma, watau ɗan katin da babban mutum yake rubutawa a bayansa, da wayar da ake bugawa da dare. Ɗan masunci da ɗan mai noman rani ba su da kati, ba su da wanda zai buga musu waya. Abu ɗaya da suke da shi wanda ɗan kwamishina ba zai iya ƙwacewa ba, shi ne su shiga ɗakin nan su fito da 270.

Amurka ta gwada wannan a gabanmu. Suna da tasu jarrabawar, SAT, tun 1926, kuma da annobar korona ta zo a 2020, manyan jami'o'insu suka ce kawo maki ganin dama ne. Ba a jima ba MIT ta mayar da sharaɗin a 2022, Dartmouth da Yale da Brown da Harvard suka bi sahu a 2024. Hujjar da Dartmouth ta bayar ita ce abin lura. Malamanta sun bincika suka tarar 'ya'yan talakawa daga raunanan makarantu suna ɓoye makinsu, suna jin kunyar 1400 cikin 1600 saboda sun ga na 'ya'yan masu hali ya fi haka, alhali da sun nuna shi da an ɗauke su, domin jami'ar tana auna maki ne da makarantar da ya fito. Da aka cire maki kuwa, sai nauyi ya koma kan wasiƙun yabo da rubutun da ake iya biya a gyara wa yaro. Ba duka suka koma ba, Jami'ar Kalifoniya ta yi watsi da jarrabawar kuma tana nan a kan bakanta. Amma darasin da na ɗauka shi ne waɗanda suka koma ɗin ba su koma don su jera maki daga sama zuwa ƙasa su yanke ba, sun koma ne don su karanta shi tare da halin mai shi.

Mu ma muna da namu yunƙurin na karanta maki da halin mai shi, shi ne ƙa'idar rabon gurabe a jami'o'in tarayya: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta zalla, kashi 35 ga jihohin da ke kewayen jami'a, kashi 20 ga jihohin da aka lasafta a masu ƙarancin ilmin boko, Jigawa kuwa tana cikinsu. 'Yan'uwanmu na Kudu da yawa suna ganin wannan zalunci ne, kuma wajibi ne mu saurare su da kunnen adalci, domin yaron da ya sami 260 aka bar shi, aka ɗauki mai 220 saboda jiharsa, zafin da yake ji na gaske ne, kuma ba shi ya hana kakanninmu makaranta ba. Amsar da nake ba su ita ce ƙasar da aka haɗa ta da ɓangarori waɗanda boko ya riga shiga wasu da shekaru masu yawa, maslaharta ba ta tsayuwa idan likitoci da alƙalai da injiniyoyi duka daga gefe ɗaya suke fitowa.

Sai dai ina da tawa sukar ga wannan ƙa'ida, kuma ita ce zuciyar abin da na zo da shi yau. Ƙa'idar jiha take gani, ba ta ganin mutum. A idonta, ɗan babban ma'aikaci wanda aka haifa a Abuja, ya yi makarantar kuɗi mai ɗakin kwamfuta da injin wuta, bai taɓa kwana bakwai a jere a garinsu ba, da yaron nan namu mai shafaffen yatsa, duka biyun 'yan Jigawa ne, takardar shaidar ƙaramar hukuma iri ɗaya suka riƙe. Rangwamen da aka yi saboda na biyu, na farko ne yake zuwa ya kwashe, domin a cikin 'yan jihar ma ai da maki ake jerawa. Ta haka sai gurbin masu ƙarancin ilmi ya ƙare a hannun waɗanda ba su rasa kome ba, mu kuwa a bar mu da sunan an taimake mu, da gorin da ke biye da sunan.

Kowane manomi a zauren nan ya san buhu goma da aka samu a gonar da ba ta ga taki ba, kuma ruwa ya kwana a kanta, ya fi buhu goma sha biyar na cikin aikin madatsar ruwa nuna ƙwazon mai gona. Abin da nake nema ke nan a yi wa maki. Jihar Texas ta Amurka ta yi doka a 1997 cewa duk ɗalibin da ya fito cikin kashi goma na sama a makarantarsa, ko wace irin makaranta ce, yana da gurbi a jami'o'in jihar. Ban ce mu kwafo ta yadda take ba. Amma Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, wadda aka kafa a 2013, ta jiha ce, da dukiyar jiha ake tafiyar da ita, kuma babu abin da zai hana majalisarta da majalisar dokoki su zauna da hukumar JAMB su tsara cewa 'yan gurabe kaɗan a kowane fanni na waɗanda suka fi kowa maki ne a kowace makarantar gwamnati ta karkara, da sharaɗin yaro ya yi shekarunsa uku na ƙarshe a makarantar, kuma ya kai haddin da aka tsayar. Makin nan dai na JAMB shi za a duba, ba wasiƙar kowa ba, sai dai a gwada yaro da waɗanda suka sha rana ɗaya da shi. Sharaɗin shekara ukun kuwa don kada a wayi gari 'ya'yan manya sun yi hijira zuwa ƙauye a zangon ƙarshe, abin da na tabbata za su yi.

Na san za a ce wannan sassauta ma'auni ne, kuma wanda aka shigar da rangwame zai je ya kāsa. Suka ce mai nauyi, domin babu alheri a kai yaro ajin da zai zauna kamar baƙo shekara biyu sa'an nan a kore shi. Amma Arewa ta taɓa warware irin wannan. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe makarantar share fage a Zariya a farkon shekarun 1970, daga baya aka sami jarrabawar IJMB, kuma da yawan manyan da muke taƙama da su yau ta wannan ƙofa suka bi. Tsohuwar Jihar Kano, lokacin muna cikinta, ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, ta tsamo yara masu kaifi daga ko'ina ta ba su malamai da ɗakunan gwaji, kuma likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can ba su nemi rangwamen kowa ba. Wanda aka ɗauka daga raunanar makaranta, a ba shi shekara guda ta share fage ta gaskiya, sa'an nan a auna shi da ma'aunin kowa.

Akwai kuma wani haddi da ba a cika yin magana a kansa ba, ni kuwa shi ya fi hana ni barci. A 2025 an tsayar wa kwalejojin horon malamai maki 100. Mun ce kowace tambaya amsa huɗu gare ta. Wanda ya rufe ido ya yi ta danna harafi ɗaya tun daga farko har ƙarshe, bisa ƙiyasi zai dace da rubu'i, rubu'in 400 kuwa 100 ne. Ashe ke nan ƙofar da muka buɗe wa masu zuwa su koyar da 'ya'yanmu, faɗinta ya kai wanda bai karanta kome ba ya shige. Ban ce haka ɗaliban kwalejin horon malamai ta Gumel suke ba, na san akwai haziƙai a cikinsu waɗanda rashin hali ne ya tsayar da su a nan. Abin da nake cewa shi ne mun tsara abin ta yadda mai babban maki zai tafi likitanci, mai matsakaici ya tafi jami'a, wanda ya rage a ce masa ya je ya yi NCE, sa'an nan shi za a turo firamaren Auyakayi ya kafa harsashin yaron da za mu zo muna kukan makinsa bayan shekara goma sha biyu. Da jiha za ta ɗauki nauyin karatun duk mai maki 220 da ya zaɓi koyarwa, ta kuma lamunce masa aiki da albashin da zai riƙe shi, da ta yi wa makin Jigawa abin da rabon gurabe bai yi masa ba tun da aka ƙirƙiro jihar a 1991.

Kafin manya su yi nasu, akwai abin da ke hannunmu. Kwamfuta ashirin da farantan hasken rana a ɗaki ɗaya cikin garin nan, a riƙa kawo 'yan ajin ƙarshe makaranta bayan makaranta suna zama gabanta ko sau ɗaya a mako, ba abin da ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ba ne, kuma shi kaɗai zai mayar wa yaro minti goman nan da tsoro yake cinyewa. Ku kuma 'ya'yana, kada ku bar mai shagon kwamfuta ya zaɓa muku fanni da darussa, domin da yawa an hana su gurbi da maki mai kyau saboda haɗin darussansu bai dace da fannin da suka nema ba. Wanda makinsa bai kai na likitanci ba, akwai damar canjin fanni ko canjin makaranta, ga Jami'ar Tarayya ta Dutse, ga ta fasaha a Ɓaɓura, ga kwalejin Binyaminu Usman a Haɗeja. Tun 2017 kuma duk gurbin da bai bi ta manhajar CAPS ta hukumar ba, ba gurbi ba ne, ko wa ya ba ku shi, kuma ranar tafiya bautar ƙasa za ku gane haka. Idan an ba ku, sai kun shiga da kanku kun danna kun karɓa, in ba haka ba a ba wani. Lambar wayar da kuka yi rajista da ita kuwa ku riƙe ta kamar takardar gona, kada a ba ƙane, kada a bari layin ya mutu.